Filin Tambaya da Amsa: Tunda ga waya a hannu, taswirar takarda ta tashi aiki kenan?

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin wannan makon da yawa sun faɗo kan abu guda, wato taswira da neman hanya, sai na ware guda biyar na haɗa su wuri ɗaya.

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah ina da tambaya. Babanmu tsohon malamin gona ne, yana da wata taswira tun lokacin da Katsina ke cikin jihar Kaduna, duk ta yi ja ta tsattsage ta wajen ninki amma ya hana kowa taɓa ta, in za mu yi tafiya mai nisa sai ya ce a ɗauko mashi. Ni kuma nace Baba ai yanzu komi na cikin Google Maps. Shin da gaske akwai sauran amfani ga takarda ko dai sabo ne kawai irin na manya?
Ɗalibi daga Ƙofar Marusa, Katsina

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Kar ka bari a jefar da takardar nan, kuma in son samu ne ka zauna Baba ya karanta maka ita tun yana da ƙarfin ido.

Ta wani ɓangaren kana da gaskiya. An ƙirƙiri jihar Katsina ranar 23 ga Satumba 1987, toh duk taswirar da ta girmi wannan ranar ba za ka ga ƙananan hukumomi 34 da muke da su yanzu a cikinta ba, titunan da aka yi daga baya babu, unguwannin da suka fita bayan ganuwa babu. In gidan biki kake nema a cikin gari aka turo maka lokeshon, waya ta fi takarda nesa ba kusa ba, wannan ba abin musu ba ne.

Amma ka lura da abin da waya ke yi maka. Fuskarta tafin hannu ce, in ka jawo taswirar kusa don ka ga lungu sai garin ya ɓace maka, in ka tura ta nesa don ka ga jihar gaba ɗaya sai sunayen ƙauyuka su ɓace, ba ka taɓa samun biyun a lokaci guda. Ita tana gaya maka sha kwanar dama, sha kwanar hagu, ka iso, kuma ka iso ɗin da gaske amma in aka ce ka kwatanta wa wani ta ina ka bi sai ka yi shiru. Takarda kuwa in ka shimfiɗa ta kan tabarma, daga Jibiya har Ɓaure, daga Kaita har Sabuwa duk suna gabanka kallo ɗaya, kai da Baba da direba da ƙanenka kowa ya sa yatsa ana magana. A nan ne za ka gane da idonka cewa Maraɗi ta fi kusa da Katsina a kan Kano, Funtuwa ta fi kusa da Zariya a kan babban birnin jiharta, mutumin Daura in zai je Kano ta Kazaure zai bi ba ruwanshi da shigowa Katsina. Waɗannan abubuwa in suka zauna maka a ka sun zauna kenan, ba caji ba data. Ni a wurina wannan shi ne babban amfanin takarda, tana sa ƙasar ta shiga kanka, ita kuwa waya tana riƙe maka ƙasar ne a aljihu, ranar da ta mutu ta tafi da kayanta.

Sai kuma tsufan da kake gani kamar aibi. Tsohuwar taswira shaida ce. Tana nuna inda gandun daji ya tsaya a da, inda rafi ke bi kafin a cike a yi gini, hanyoyin ƙafa, sunayen ƙauyukan da wasu yanzu sun tashi ko gari ya haɗiye su. Taswirar waya kullum sabunta ta ake yi, ta jiya ta tafi. Kuma na tabbata in ka duba ta Baba da kyau za ka ga rubutun fensir a gefe, tunda malamin gona ne, nan akwai rijiya, nan mota ba ta wucewa da damina, nan kasuwa ranar kaza take ci. Wannan ilimin babu kamfanin da ya tattara shi.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Lokacin da aka yanke mamu sabis a 2021 na sha wahala sosai, ni ina kai kaya ƙauyuka ne. Wani abokina yace wai GPS na aiki ko babu netwok, ni kuma na ga taswirar ta ƙi buɗewa sam. Wanne ne gaskiya?
Ɗan kasuwa daga Dutsin-Ma

AMSA: Alhaji dukkanku kuna da gaskiya, abu biyu ne ake haɗawa kamar ɗaya.

GPS taurarin ɗan adam ne na sojojin Amurka, suna kewaya duniya a sama nisan kilomita wajen 20,200, an tsara aƙalla guda 24 su riƙa aiki kowane lokaci. Kowanne yana aiko da saƙon lokaci da inda yake, wayarka saurare kawai take yi ba ta aika masu komi, in ta jiyo guda huɗu sai ta lissafa inda kake tsaye. Wannan ba ya buƙatar layi ko data, sararin sama kawai yake so, sai dai in babu netwok yakan ɗan jima kafin ya kama. Rasha ma na da nata GLONASS, Turai na da Galileo, Sin na da BeiDou, yawancin wayoyin yanzu suna haɗawa da su.

Ita kuma taswirar kanta, zanen tituna da sunayen garuruwa, ta intanet take zuwa. Shi ya sa ka ga shuɗin ɗigon nan yana nan amma kewaye da shi fili fetal, wayar ta san inda kake amma ba ta da takardar da za ta ɗora ka a kai. Maganin shi ne ka sauke taswirar yankin tun kana cikin gari inda akwai sabis, Google Maps na da wurin yin haka, akwai kuma irin su OsmAnd da Organic Maps da ke amfani da bayanan OpenStreetMap, wato taswirar intanet ta kyauta da jama'a ke zanawa, su dama don aiki ba intanet aka yi su. Ka riƙa sabuntawa lokaci lokaci don ta Google tana da wa'adi.

Toh amma ka tuna yadda abin ya kasance. A watan Satumba 2021 gwamnatin Masari, gwamnan Katsina na lokacin, ta sa aka rufe sabis a ƙananan hukumomi 13 saboda matsalar tsaro, har da Dutsin-Ma ɗinku da Jibiya da Batsari da Safana da Funtuwa, aka kwashe watanni a haka. Wanda bai sauke komi ba kafin ranar ya makara, ba inda zai sauke sai ya fita yankin. Ga kuma matsalar wuta, GPS na shan batir sosai, waya a kan dashbod cikin zafin Afrilu takan yi zafi har ta ɗauke da kanta. Mutum irinka da abincinshi ke kan hanyar ƙauye ya kamata a ce akwai takarda ninke a cikin mota ko da fotokofi ce, ba don ta fi waya sanin hanya ba, don ita ba wanda zai iya kashe ta daga ofis.

TAMBAYA: Malam ni direba ne shekara da shekaru. Abin da ke bata mani rai yanzu fasinja yaro ƙarami zai ɗago waya yace direba ga hanya mafi kusa me ya sa ba ka bi ba, alhali ni na san hanyar nan ba ta biyuwa. Ni dai a ganina da wayar da takardar duk ɗaya, ba abin da ya kai tambaya.
Direba daga tashar Daura

AMSA: Sannu da ƙoƙari Malam direba, Allah ya tsare hanya. Maganarka akwai gaskiya mai yawa a ciki, dama Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata.

Abin da waya ke lissafawa tsawon hanya ne da lokacin da take zaton za a ɗauka. A manyan hanyoyi irin Katsina zuwa Kano ta Charanchi da Kankiya da Tsanyawa da Bichi, ko Katsina zuwa Daura ta Mashi, lissafinta na fita daidai don motoci da yawa na bi da wayoyi a ciki. Da ka sauka daga kwalta labari ya canza. Hanyar da aka gani daga sama aka zana, wayar ba ta san yashi ne da zai riƙe taya ba, ba ta san kwalbatin ya karye tun daminar bara ba, ba ta san rafin da ake ratsawa a ƙafa da rani yana cin mota a watan Agusta ba. Babbar magana kuma tsaro. Kowa a jihar nan ya san akwai lokacin da direbobi suka riƙa kauce wa hanyar Dutsin-Ma zuwa Ƙanƙara suna zagayawa duk da ta fi kusa, kuma a 2021 gwamnati da kanta ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, ta hana motocin haya bin Ƙanƙara zuwa Sheme. Irin wannan labarin a rediyo da bakin 'yan kamasho ake fara jin shi. Dan Allah masu karatu, baƙon da ya shigo yankin da bai sani ba kar ya bi gajeriyar hanya don waya ta ce, musamman da yamma, ya tsaya a tasha ya tambaya, rai ba a sayen shi a kasuwa.

Akwai kuma rikicin suna wanda ke jefa mutane da yawa. Dutsi daban tana nan jihar Katsina, Dutse daban babban birnin Jigawa, Dutsin-Ma daban, harafi ɗaya ka kuskure waya ta ɗauke ka zuwa wata jiha kuma ba za ta tambaye ka ko ka tabbata ba. Zango akwai ta kusa da ku Daura akwai Zangon Kataf a kudancin Kaduna. Sabon Gari da Tudun Wada kuwa kusan kowane babban gari na da nashi. Ga rubutu, wani ya rubuta Jibia wani Jibiya, wani Mai'adua wani Mai'aduwa. Wanda ya taɓa kallon taswirar jihar gaba ɗaya, in waya ta ce mashi tafiyar awa uku zuwa Dutsi daga Daura nan take zai san akwai matsala.

Inda na ɗan saba da kai shi ne cewa takarda da waya duk ɗaya. Gaskiya ne takarda ma ba ta san 'yan bindiga ba, ba ta san gada ta karye ba. Amma takarda tana tafiya da tambaya, za ka iya shimfiɗa ta kan bonet a tasha tsohon direba ya sa yatsa yace nan kar ka bi, zagaya ta nan, ka ja layi da biro. Kuma ranar da aka ce maka gaba ba lafiya ka juya, kai da ka san yankin ba matsala, amma sabon direba da waya sai ta yi ta maido shi kan hanyar da aka hana shi tana cewa ya yi kwana ya koma. A takarda yana ganin duk hanyoyin da suka rage lokaci ɗaya ya zaɓa. Ilimin da ke kanku ku tsofaffin direbobi da za a samu mai zama da ku ya zuba shi a takarda da yaran mota sun amfana ƙwarai.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina koyar da jogirafi a sakandare, ɗalibaina suna cewa karatun taswira wahalar banza ce tunda waya na yi, don jarabawar WAEC kawai suke haddacewa. Me zan ce masu?
Malama daga Ƙofar Ƙaura, Katsina

AMSA: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya saka da alheri, wannan tambayar ta fi duk sauran taɓa ni.

Ki fara ba su labarin direbobin tasi na Landan. Kafin a ba mutum lasin baƙar tasi a can sai ya haddace tituna wajen 25,000, abin na ɗaukar shekara uku zuwa huɗu. A shekarar 2000 wata mai bincike Eleanor Maguire ta jami'ar UCL da ke Landan ta ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu, aka ga wani sashe da ke riƙe taswirar wuri a ka ya fi na sauran mutane girma, kuma gwargwadon daɗewar mutum a aikin gwargwadon girman. A 2020 kuma masu bincike a jami'ar McGill ta Kanada suka gwada direbobi 50, suka ga waɗanda suka fi dogara da GPS sun fi rauni wajen tuna wuri in aka bar su su nemi hanya da kansu. Mutum 50 ba su da yawa amma abin ya yi daidai da abin da muke gani, yaro an haife shi a Katsina ya girma a Katsina ka ce mashi Ƙofar Guga ta wane gefe take daga Ƙofar Soro ya kasa, alhali kakarshi da ba ta shiga aji ba in za ta kwatanta maka gida cewa za ta yi ka yi gabas, ka yi kudu, ƙofar na kallon yamma. Mu mutane ne masu sanin gabas da yamma saboda sau biyar muke neman alƙibla kullum, abin takaici ne a ce wannan ya sulale daga hannun 'ya'yanmu.

In kuma suna ganin taswira kayan Turawa ce, ki gaya masu a 1824 da Bature Clapperton ya je Sakkwato, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ya ba shi taswirar ƙasashen nan da kogunansu, aka buga ta a Ingila. Tun kafin nan a 1154 malami al-Idrisi ya zana taswirar duniya a Sisili, kudu ce ma a sama a tashi.

Amma magana kaɗai ba za ta ja su ba, ki fitar da su waje. Ki sa su zana makarantar a ƙasa da tsinke, ga ajujuwa ga masallaci ga famfo ga ƙofa, su daidaita zanen da ainihin gabas, a nan sai ki nuna masu cewa alƙiblarmu ba gabas sak ba ce ta ɗan karkata arewa. Daga nan ki kawo taswirar takarda mai ma'aunin 1:50,000 ki ce santimita 2 a nan kilomita 1 ce a ƙasa, ki ba kowa zare ya kwantar a kan hanya mai lanƙwasa yana dannawa da farce a kowace kwana, ya ɗaga zaren ya miƙar a kan rula, in ya samu santimita 14 tafiyar kilomita 7 kenan. Za ki ga yadda fuskar yaro ke canzawa in ya gane da zaren ɗinki ya auna nisan ƙauyensu. Layukan tudu ma haka, inda suka matsu da juna hawa ne mai tsauri, inda suka buɗe fili ne, wanda ya iya karanta su zai gaya maki ta ina ruwa zai gangara tun kafin a sayi fili a yi gini a kan hanyar ruwa. Masu son aikin safiyo, injiniyan hanya, soja, aikin gona, tsara birane, duk da wannan za su ci abinci, kuma su ne za su gyara kurakuran da ke cikin taswirar wayar ma.

TAMBAYA: Toh Malam a ina mutum zai samu taswirar takarda mai kyau yanzu? Na zagaya shagunan littattafai sai ta Najeriya gaba ɗaya ta bango nake samu.
Ma'aikaciyar lafiya daga Mai'aduwa

AMSA: Hajiya wannan matsala ce ta gaske. Cikakkun taswirori na 1:50,000 da 1:100,000 na gwamnatin tarayya ne, ofishin Babban Safiyo na Ƙasa ke kula da su, kuma yawancinsu daga hotunan jirgin sama na shekarun 1950 da 1960 aka zana su, don haka tudu da rafi suna nan daidai amma hanyoyi da garuruwa sun canza. Ki gwada ma'aikatar filaye da safiyo ta jiha, ko sashen jogirafi na jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko ta tarayya da ke Dutsin-Ma, ko da hoto ne a bari ki ɗauka.

Hanya mafi sauƙi kuwa ki haɗa biyun, kuma ku ma'aikatan lafiya kun riga kowa sanin wannan. A aikin rigakafin shan inna da farko da hannu masu allura ke zana taswirar unguwanninsu, ana tsallake rugage da ƙananan ƙauyuka ba a sani ba. Daga wajen 2012 aka fara amfani da hotunan tauraron ɗan adam a jihohin arewa ana fitar da taswirar kowace mazaɓa, aka gano matsugunan da ba su cikin lissafi, sannan aka buga a takarda aka miƙa wa masu shiga gida gida, don takardar ce za a zauna da mai unguwa a duba tare. A watan Agusta 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji, wannan aikin taswirar na cikin abubuwan da suka taimaka.

Ke ma haka za ki yi. Ki je shagon kwamfuta a buɗe maki OpenStreetMap ko hoton sama na yankin da kike aiki, a buga a babbar takarda A3, ki tabbatar ma'aunin nisa ya fito a ƙasa kuma an sa alamar arewa. Kar ki yi saurin kai ta a manne da leda, ki fara yawo da ita tukuna kina rubuta sunayen da mutanen wurin ke kiran ƙauyukansu da shi, gidan mai gari, rijiya, mashigin da ke cika da damina, da inda iyaka take tunda ku kuna dab da Nijar ta Kwangwalam kuma ƙauyuka da yawa a nan ba ka gane ka tsallaka sai wayarka ta canza layi. In ta cika sai a yi fotokofi biyu ko uku, a manne ɗaya da leda ta zauna a jaka, ɗaya a liƙa a bangon asibiti don wanda za a turo bayanki. Ki rubuta wata da shekara a kusurwa, bayan kowace damina a sake dubawa.

Masu tambaya kan takardun fili da shaidar mallaka ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba.